Karenka na ta susa, gashin magenka na zuba? Ga yadda zaka gane matsalar kafin ka shafa komai

Kwanakin baya wani maƙwabcinmu ya aiko yaro wai dan Allah in leƙo in ga karen gadinsa, gashi duk ya zube, fatar ta yi kaushi ta tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ina zuwa na tarar an riga an mulke shi da baƙin mai tun daga wuya har gindin wutsiya, kare na kwance a bakin rariya yana haki yana lasar jikinsa. Nace wa ya baka wannan shawarar, yace ai haka kowa ke yi. Toh wannan "haka kowa ke yi" ɗin shi ya sa na zauna rubutun nan, domin ni dai a shekarun da nayi ina ajiye kare da mage, dabbobin da na ga maganin gida ya kashe sun fi waɗanda cutar fatar kanta ta kashe. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Matsalarmu ita ce komai ƙazuwa muke ce masa, wasu su ce kirci. Gashi ya zuba, ƙazuwa. Kare na susa, ƙazuwa. Alhali abubuwa ne kusan shida ko bakwai daban daban, kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yana iya ƙara rura wani. Don haka aikin farko duba ne.

Yadda ake dubawa

Ka fito da dabbar waje da safe inda akwai haske sosai, kasa safar hannu, in babu ko leda ka ɗaura. In karen mai faɗa ne a ɗaure masa baki da tsumma mai laushi, kuma wanda ya saba dashi shi zai riƙe. Ka bi jikin da hannu kana shafa gashin baibai, wato daga wutsiya zuwa kai, yadda zaka ga fatar kanta. Wuraren da mutane ke tsallakewa sune cikin kunne, tsakanin yatsu, hammata, ƙarƙashin ciki da gindin wutsiya, kuma nan ne duk abin ke ɓuya. Sannan ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi. Mai lafiya dasashinsa ja-ja ne, in kaga yayi fari fat kamar takarda ko ya koma ɗorawa-ɗorawa to maganar ta wuce fata, jini ne ke ƙarewa, wannan ranar za'a kaishi asibiti.

Tambayoyi uku zaka riƙe a ranka: yana susa sosai ko kuwa gashin ne kawai ke zuba ba susa? A wane waje abin ya fara? Akwai wani a gidan, mutum ko dabba, da shima ya fara ƙaiƙayi? Amsar waɗannan kaɗai ta raba maka rabin gardama.

Kaska

Ita kowa ya santa. Wadda ta fi damun karnukanmu ƴar ƙarama ce mai ruwan ƙasa-ƙasa, in macen ta sha jini ta ƙoshi sai ta kumbura ta koma ruwan toka kamar ƙwayar wake. Abin da da yawa basu sani ba, wannan kaskar ba sai daji take rayuwa ba, a cikin gida take haihuwa. In ta ƙoshi sai ta saki karen ta hau bango ta shige tsaga ko ƙarƙashin kwanon rufi ta zuba ƙwai dubbai a lokaci ɗaya, ita kaɗai fa. Shi yasa zaka wanke kare tas ranar Asabar, kafin wata Asabar ɗin kunnensa ya sake cika, ka fara zargin maganin jabu ne. Wani lokacin ba jabu bane, an kashe maciji ne ba'a sare kai ba.

Cire ta da hantsaki ake yi. Ka kamo ta can kusa da fatar inda bakinta ya shiga, ka ja a hankali kai tsaye, kar ka murɗa kar ka fizga, kuma kar ka matse cikin domin abin da ke cikinta zaka tura jikin karen. Banda ɗiga mata kalanzir, banda kusanto mata da garwashi ko wutar sigari. Waɗanda ka cire ka zuba su a gwangwani da ɗan sifirit ko ruwan omo mai kauri, kar ka fasa su da farce kamar yadda yara keyi. In sun yi yawa har ba'a iya ƙirgawa, cirewa ɗaya ɗaya ɓata lokaci ne, magani za'a sa.

A nan ni na fi yarda da ƙwayoyin nan da ake tauna wa irin su Bravecto da NexGard da Simparica. Bravecto ƙwaya ɗaya tana kai sati 12, sauran biyun wata wata ne. Akwai tsada, ban musa ba, amma bayan kaska suna kashe ƙuma da ƙwayoyin ƙazuwa a tafiya guda. Ana saye ne bisa nauyin kare, don haka ka auna shi, kar kace ai da ido zai kai kilo 20. Wanda bashi da halin wannan akwai na ɗigawa a bayan wuya irin Frontline, akwai kuma ruwan wanka na amitiraz da ake sirkawa, amma shi sai an bi awon da aka rubuta daidai, a waje mai iska, ba'a sa wa ɗan kwikwiyo, ba'a sa wa mage ko kaɗan.

Sai ɗakin karen. A fitar da shi, a share, a ƙona tsummokaran da yake kwanciya a kai in sun tsufa, a fesa magani a bango har sama da duk wata tsaga, a bari ya bushe kafin ya koma, bayan sati biyu a maimaita. In da hali a liƙe tsagogin da siminti, wannan ya fi feshi goma.

Dalilin da yasa nake zafafawa kan kaska ba don jinin da take sha bane kawai, tana sa musu zazzaɓi mai fasa ƙwayoyin jini, kusan kamar yadda maleriya ke mana. Kare ya daina cin abinci, jiki zafi, fitsari yayi duhu kamar ruwan shayi, wani har haɓo yake yi. Wannan sai an ɗebi jini an duba. Wani nau'in zazzaɓin, ƙwayar maganin doksisaikilin ake ba karen har kwana 28, wani nau'in allura ce, kuma allurar nan da ake yi wa shanu ta sammore in aka zarce awo kaɗan a kare tana taɓa ƙwaƙwalwa ya mutu, don haka kar ka bari wani mai yi wa shanu allura a kasuwa ya gwada hannunsa a karenka.

Ƙuma

Shi ba kasafai zaka ganshi ba saboda tsalle da gudu, kashinsa zaka gani, wani baƙin gari kamar an barbaɗa masoro a gindin gashi musamman saman wutsiya. Ga gwaji mai sauƙi: ka tsefe gashin a kan farar takarda ko tishu da ka ɗan jiƙa, in baƙin garin ya narke ya koma ja to jini ne, ƙuma ne ya sha ya kasayar. In bai canza ba datti ne kawai.

Macen ƙuma na iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, kuma ƙwan baya manne wa a jiki, zubewa yake a tabarma, kafet, ƙarƙashin kujera, cikin yashi. Wanda ka gani a jikin dabbar ɗan kaɗan ne cikin abin da ke gidan. Saboda haka sai an haɗa duka dabbobin gidan an yi musu magani lokaci ɗaya, a wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi a shanya a rana, a ci gaba har wata uku a jere. Akwai karnuka da maguna da jikinsu baya shiri da yawun ƙuma sam, cizo ɗaya ya isa su yi ta gartsar bayansu har su yi miki.

In kana ganin wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashin mage ko manne a gashin duburarta, wani lokacin har suna motsi, tsila ce, kuma ta hanyar haɗiye ƙuma lokacin lasar jiki take samunta. Maganinta firazikwantel, amma in baka kashe ƙuman ba zata dawo. Gidan da ake kiwon kaji kuma akwai ƙuman kaji da ke mannewa a gefen kunnen mage da kare jere reras kamar an ɗinka baƙin zare, shi baya tsalle, sai an gyara akurkin kajin ake rabuwa dashi.

Ƙazuwar gaskiya, kuma iri biyu ce

Nan ne ake yawan rikicewa. Ta farko ita ce mai ƙaiƙayin hauka, wani mitsitsin ƙwaro ke kawo ta, likitoci na kiran ƙwayar sakoptis. Ido baya ganinta, rami take haƙawa a cikin fata tana ƙwai a ciki. Tana farawa a gefen kunne, gwiwar ƙafafun gaba, diddigen baya da ƙasan ciki, karen baya barci baya barin kowa yayi barci. Ka kama gefen kunnensa ka ɗan murza tsakanin yatsunka, in kaga ƙafar baya ta fara harbin iska kamar yana susa, akwai alama mai ƙarfi ita ce. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka da sauri, tana kuma kama mutum, zaka ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu ko ciki na wanda ke ɗaukar karen, sai dai a jikinmu bata iya zama, da an warkar da karen take gushewa.

Ta biyu demodeks ce, ita a cikin ramin gashi take zaune, kuma kusan duk kare yana da ita ƴar kaɗan, daga uwa yake ɗauka a kwanakin farko wajen shan nono. Sai garkuwar jiki tayi rauni take yin yawa, shi yasa aka fi ganinta a ƴan kwikwiyo da matasan da basu kai shekara ɗaya da rabi ba, ko karen da yunwa da tsutsar ciki suka ci ƙarfinsa. Alamarta gashi ya zube a kewayen ido kamar ya sa tabarau, da gefen baki da ƙafafun gaba, kuma da farko ba wani susa. Bata kama mutum, bata tsallakawa zuwa wani karen. In waje ɗaya ko biyu ne ƙanana sau da yawa da kanta take warkewa in aka gyara abinci aka bada maganin tsutsa. In ta game jiki, fata tayi baƙi tana wari tana fitar da mugunya, to aiki ne na watanni, kuma ba'a tsayar da magani don gashi ya fito, sai likita ya kankari fatar ya duba a madubinsa sau biyu, tsakaninsu wata guda, bai ga komai ba. In tsohon kare ne ta fito masa haka kawai, a bincika, akwai wata cutar a ƙarƙashi.

Bari in yi maganar aibamektin, wadda ake cewa Ivomec, tunda ita kowa ke ruga wa. Tana aiki a kan ƙazuwa mai ƙaiƙayi, gaskiya ne, ana yi a maimaita bayan sati biyu. Amma kwalbar da ake sayarwa ta shanu ce, awonta mil 1 ga kilo 50 na nauyin sa. Yanzu kai ka lissafa karen da bai fi kilo 10 ba nawa ne rabonsa, ɗan ɗigo ne a gindin sirinji. Sai kaga mutum ya zuƙo mil biyu cur ya danna wa ɗan kwikwiyo, kafin dare yana tangaɗi, ido ya daina gani, yawu na zuba. Akwai kuma jinsin karnukan Turawa na kiwon tumaki irin su Koli da ko ɗan ƙarin awo basa jurewa, gado ne a jininsu. Ka bar likita ya auna.

Wani kuskuren kuma allurar dekza da man shafawan nan masu haɗi uku da mata ke amfani dasu, masu sitiroyid. Susa zata tsaya kwana biyu kaji daɗi, amma garkuwar fatar ka danne, in demodeks ce ko makero sai sun dawo ninki biyu.

Mage ma tana da tata ƙazuwar, tana farawa daga kunne da fuska, fatar tayi kauri da ɓawo-ɓawo kamar tsohuwa. Sannan in kaga tana yawan kaɗa kai tana yakushin kunne, ka leƙa ciki, in akwai baƙin datti kamar jiƙaƙƙen ganyen shayi to ƙwayoyin kunne ne. A goge iya inda ido ke gani da auduga, kar a zura tsinke ciki, a samo maganin ɗigawa na mage.

Makero

Wannan na fi jin tsoronsa a gidan da akwai yara. Ba ƙwaro bane, naman gwari ne irin na fata, yana cin gashi ya bar fili zagaye kamar kwabo, da ɗan fari-fari kamar amosani, yawanci a fuska, kunne da ƙafa. Ƴaƴan mage su suka fi kawo shi, kuma babbar mage na iya ɗauke dashi jikinta sumul ba alamar komai. Yaro ya ɗauki ƴar kyanwa daga kwararo ya rungume, bayan sati ɗaya ko biyu sai ga zobe ja a wuya ko makero a kai, iyaye suyi ta zargin askar wanzami.

In waje ɗaya ne ana shafa man kulotirimazol ko mikonazol safe da yamma, a zarce gefen filin kaɗan, amma a mage gaskiya shafawa kaɗai bata cika isa ba, sai an haɗa da na sha daga likita, kuma makonni ake ɗauka, shida ko fiye. Mage mai ciki ba'a bata na shan da ake kira girisiyofulbin, yana nakasa ƴaƴan. Ƙwayar cutar tana iya zama a gashin da ya zube fiye da shekara, don haka a ware dabbar a waje ɗaya mai sauƙin sharewa, a riƙa kwashe gashin, a goge ƙasa da ruwan bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a bari ya bushe kafin ta taka.

Tsutsar damina da ƙudan kunne

Da ruwa ya sauka zaka ga ƴan kwikwiyo da wasu kumburi kamar maruru a ciki, ƙafa da wutsiya, kowanne da ƴar ƙofa a tsakiya tana fidda ruwa, in ka ƙura ido zaka ga abu na motsi a ciki. Wani ƙuda ne ke ƙwai a yashi mai laima da fitsari ko kashi ya taɓa, a inuwa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta jira, da dabba ta kwanta sai ta huda fata ta shige, tayi kamar kwana 8 zuwa 12 tana girma. Ka toshe ƙofar da basilin mai kauri, numfashi zai gagare ta ta fara leƙowa, sai ka matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum. Kar ka fasa ta a ciki, ruɓewa zata yi. A wanke ramin da ruwan gishiri ko ayodin da aka sirka. In sun kai ashirin talatin a jikin ɗan ƙaramin kwikwiyo ka kaishi asibiti. Kuma wannan ƙudan shine dai ke ƙwai a kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, shi yasa guga ke da amfani ga kayan jarirai, zafin dutsen guga na kashe ƙwan. Magani mai ɗorewa kare ya samu dandamalin siminti ko katako busasshe ya daina kwana a jiƙaƙƙen yashi.

Bakin kunne da ƙuda ke ci har yayi baƙin ɓawo yana jini, kowa ya san wannan a karnukan gadi da ake ɗaurewa waje ɗaya. A jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi a goge, a shafa man ciwo a bi da basilin, a kwashe kashi da ragowar abinci kullum, da rana a matsar da shi inuwa nesa da turken dabbobi da bola.

Masu karnukan waje masu gashi, su Alseshan da Kokeshiyan da Lasa, ku naku daban ne. Karen da aka halitta don ƙanƙara ka kawo shi garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, ka masa wanka baka busar da ƙasan gashin ba, dole fata ta dahu. Cikin ƴan awanni waje zai yi ja sharkaf yana ruwa yana wari. A aske gashin kewayen, a wanke da ruwan wanke ciwo na kulohekzidin da aka sirka, a bar iska ta shiga, a hana shi lasa. Muzuru kuma in ya dawo daga yawon dare bayan kwana biyu uku kumatu ko gindin wutsiya ya kumbura yana zafi, cizon ɗan uwansa ne ya tara mugunya, sai an fasa an wanke.

Mage ba ƙaramin kare bace

Hantar mage bata iya sarrafa abubuwa da yawa da kare ko mutum ke iyawa, ga shi duk abin da ka shafa mata sai ta lashe. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Duk maganin kaska ko ƙuma da kaga an rubuta permethrin a jikinsa na kare ne, in ya taɓa mage zata kama karkarwa da farfaɗiya, ko gogar jikin karen da aka sa wa tayi ya isa. Dettol da Izal ba'a wanke mata ciwo dasu. Shi ma kare ba'a bashi ibufurofen ko dikulofenak, suna huda masa ciki su lalata ƙoda.

Fiya-fiya da maganin feshin gona kuwa, wallahi ban san adadin karnukan da aka yi wa wanka dasu suka mutu a ranar ba. Alamar gubar yawu ya dinga dalala, jiki na rawa, ƙwayar ido ta tsuke, amai da zawo. In hakan ta faru ka sa safar hannu ka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa nan take, ka nufi asibiti da kwalbar a hannunka, akwai allurar da ke karya ta. Manja da madara da ake ɗurawa basa karya komai, sai ma su shaƙe shi. Ruwan ganyen darbejiya ba laifi, yana ɗan sanyaya fata ya kori ƙuda, amma baya kai wa ga ƙwayar da ke cikin rami.

Tunda an ambaci dalalar yawu, in ba ka san guba ya taɓa ba kuma halinsa ya canza yana cizon komai, kar ka sa hannu a bakinsa, haukan kare ba wasa bane. Rigakafin daga wata uku ake farawa, a maimaita duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos ma tana haɗa shi a nan gida.

Ƙari da kumburi

Ba duk ƙullutu bane ciwon daji, kuma ba wanda zai taɓa da hannu ya tabbatar maka, ko likita ne. Tsofaffin karnuka masu ƙiba suna yin curin kitse a ƙarƙashin fata, mai laushi, yana gudu in ka tura, shekaru ba ya canzawa, wannan ba komai. Matasa kan yi wasu ƙananan tsiro farare a leɓe da cikin baki, su faɗi da kansu cikin wata biyu uku. Amma akwai mugun ƙarin fata da ke kama da curin kitsen sak, yau ya kumbura gobe ya saɓe, an fi ganinsa a jinsin Boksa da danginsu. Ƙa'idar da nake bi ita ce in ƙullutu ya kai girman ƙwayar gyaɗa kuma yayi wata guda bai tafi ba, a kai a soka ƴar allura a zuƙo a duba, minti kaɗan ne. Ka ɗauki hotonsa da waya ka ajiye murfin kwalba a gefe, bayan sati biyu ka sake, ido na mantuwa amma hoto baya yi. Wanda ke girma da sauri, ko ya manne baya motsi, ko ya fashe ya zama gyambo, wannan ba'a jira wata. Kuma dan Allah banda ɗaure shi da zare ko sakiya.

Wanda ya fi yawa a karnukanmu masu yawo shine na al'aura. Zaka ga jini na ɗiga daga gaban kare ko karya ba lokacin barbara ba, in aka duba sai a ga wata jar tsoka curi-curi mai saurin fashewa. Abin mamaki shi wannan ciwon dajin ɗaukarsa ake yi, ƙwayoyin ƙarin ne da kansu ke tsallakawa daga kare zuwa kare wajen barbara, wani lokacin har hanci da baki saboda shinshina da lasa. Tun 1876 wani likitan dabbobi a Rasha ya nuna ana iya dasa shi daga wani kare zuwa wani, kuma masana sun gano asalinsa daga kare guda ɗaya ne da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Baya kama mutum. Kuma duk munin ganinsa yana cikin masu saurin jin magani: allurar binkiristin ta jijiya sau ɗaya a sati, yawanci sati 4 zuwa 6, mafi yawansu suna warkewa sarai. Yanka shi kaɗai dawowa yake. Allurar in ta zuba a wajen jijiya tana cinye nama, don haka aikin asibiti ne zalla. Da yawa an kai karnuka bayan gari an yar saboda wannan alhali abin mai warkewa ne. Kafin ya warke a tsare shi a gida kar ya raba wa na unguwa.

Sai na nono. Duk wata ka kwantar da karya ko mage ka bi layin nonuwan biyu da yatsu tun daga hammata har cinya, kana neman wani abu mai tauri kamar tsakuwa. A karya kusan rabin irin wannan ƙarin mugu ne, a mage kuwa takwas zuwa tara cikin goma mugaye ne kuma suna saurin kaiwa huhu, don haka a mage ko kamar ƙwayar gero kaji kar ka tsaya kallo, tun yana ƙarami ake cirewa. Cire mahaifa da wuri, kafin ta fara neman namiji ko bayan zuwan farko, yana rage haɗarin ƙwarai, in ta riga ta manyanta ragin kaɗan ne. Allurar hana haihuwa da wasu ke sayowa a kemis suna yi wa karya da mage ita kuma ƙara haɗarin take, ga tara mugunya a mahaifa.

Farar mage ko mai farin kunne da hanci, ranar garinmu bata raga mata. Bakin kunnen zai fara ja, gashi ya zube, ya yi ɓawo ya warke ya dawo, mutum yace faɗa take yi, a hankali kunnen ya fara cinyewa. Ciwon dajin fata ne da rana ke jawowa. In aka kama da wuri yanke bakin kunnen ake yi ta ci gaba da rayuwarta, tsakar rana kuma a barta a ɗaki.

Irin waɗannan ayyukan na ƙari in asibitin dabbobi na jiha ko na kuɗi da ke kusa dakai basu da kayan gwaji, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. In zaka je kar ka yi wa dabbar wanka ranar ko jajibirin, kar ka shafa komai, domin wanke shaidar kake yi, likita ya kankara bai ga komai ba. Ka tafi da kwalaben duk abin da ka taɓa bata ko ka shafa mata, har wanda kake jin kunyar faɗa, mage kuma a sa ta a kwali mai huji ko kwando mai murfi, kar a rungumo ta a kan babur.